GONA A TSAKIYAR TEKU: YADDA ƘASASHEN TSIBIRI SU KE AMFANI DA ƘASARSU

'Yan'uwa manoma, tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Manomin tsibiri, in gonarsa ta gaji, ba shi da wani jeji a gaba da zai je ya share sabuwa, gama teku ta tare shi. Saboda haka abin da mutanen tsibiri su ka yi da ƙasarsu ya kan fito fili da wuri, ko alheri ko ɓarna. Bari mu auna guda biyar. Ku tuna, murabba'in kilomita ɗaya hekta 100 ne, watau wajen eka 250. Nijeriya duka murabba'in kilomita 923,768 ce.

Madagaska: murabba'in kilomita 587,000, mutane wajen miliyan 30.
Japan: 378,000, mutane wajen miliyan 124.
Kyuba: 110,000, mutane wajen miliyan 10.
Aisilan: 103,000, mutane ba su kai rabin miliyan ba.
Nauru: 21 kaɗai, mutane wajen 12,000.

Madagaska da Japan

Dukansu biyu shinkafa ce abincinsu. Madagaska, wadda ke gabas da Afirka, ta fi Japan girma nesa, amma wurin da a ke nomawa bai kai kashi 10 bisa 100 ba. Yawancin sauran makiyaya ce ta shanu. A wurare da yawa a kan sare kurmi a gangaren tudu, a ƙone, a shuka shinkafa shekara ɗaya ko biyu, a matsa gaba. Da mutane su ka yi yawa, sai a ka riƙa komowa wuri ɗaya tun ƙasar ba ta huta ba. Ruwan sama ya na kwashe jar ƙasa, ya bar manyan kwazazzabai, har Kogin Betsiboka ya kan shiga teku jawur. Yawancin shekaru sai ƙasar ta sayo shinkafa daga waje.

Japan kuwa kashi biyu bisa uku na ƙasarta kurmi ne a kan duwatsu, gonaki kuma wajen kashi 12 bisa 100. Sun bar itatuwa a kan tuddai su riƙe ruwa, sun gyara kwari da gangare hawa-hawa domin shinkafa. Daga 1946 zuwa 1950 gwamnati ta sayi gonaki daga hannun manyan masu ƙasa, ta sayar wa masu noman haya da araha. A 1947 a ka yi dokar ƙungiyoyin gama kai na manoma, su ne ke ba da rance, su sayo taki, su sayar da amfanin gona. Hekta ɗaya ta shinkafa a Japan ta na ba da fiye da ninki biyu na abin da ta ke bayarwa a Madagaska. Duk da haka Japan ba ta ci da kanta. Gonakinta sun ragu daga wajen hekta miliyan 6 a 1961 zuwa wajen miliyan 4.3 a 2023, kuma abincin gida bai kai kashi 40 bisa 100 na abin da su ke ci ba.

Madagaska ma ta koya wa duniya abu. Wani fada na Katolika, Henri de Laulanié, mutumin Faransa, ya zauna da manoma can tun 1961. Wajen 1983 shi da su su ka gano cewa in an dasa shinkafa tun ta na ƙarama, ba ta wuce mako biyu ba, ɗaya-ɗaya, da tazarar wajen santimita 25, a zuba takin gargajiya, a daina barin ruwa ya kwanta kullum, to, ta kan yi 'ya'ya da yawa, iri kuma kaɗan a ke bukata. Wannan hanya ta bazu zuwa Asiya da Afirka ta Yamma.

Kyuba da Aisilan

Girmansu kusan ɗaya ne, amma ƙasarsu ta sha bamban. Aisilan ta na can arewa cikin sanyi, ƙanƙara da baƙin dutse sun cinye yawancinta, wurin shuka wajen kashi 1 bisa 100 ne. Su na kiwon tumaki, su na kamun kifi, su na noman tumatir cikin ɗakunan gilashi da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa ke ɗumamawa. Sare itatuwa da yawan kiwo sun zaizaye ƙasarsu, har a 1907 su ka kafa hukumar tsare ƙasa.

Kyuba, kusa da Amurka, ta na da fili mai albarka, amma ta dogara ga rake. Wajen 1989 ta na yin sukari kusan tan miliyan 8 a shekara, Tarayyar Sobiyat na saye da tsada, ta na aiko da mai da taki. Da Tarayyar ta rushe a 1991, tarakta ta tsaya, abinci ya yi wuya, a ka koma ga shanun huɗa da lambuna cikin gari. A 2002 a ka rufe kusan rabin masana'antun sukari. Har yanzu yawancin abincin Kyuba sayowa a ke yi.

Nauru

Wannan ɗan tsibiri na Tekun Pasifik hekta 2,100 ne duka. A ƙarƙashinsa akwai dutsen fosfat, wanda a ke yin takin supa da shi. Tun 1907 a ke fitar da shi, ya gyara gonakin Ostiraliya da Niyu Zilan. Bayan samun 'yancin kai a 1968 kuɗi su ka shigo, mutanen Nauru su ka shiga sahun masu arziki na duniya. Fosfat ya ƙare kusan duka, kuɗin ajiya su ka salwanta, wajen kashi 80 bisa 100 na tsibirin ya zama ramuka da tsinin duwatsu. Abincinsu sai na gwangwani daga jirgi, ciwon sukari kuma ya yi musu yawa. Wanda ya taɓa ganin ramukan kuza a Bukuru ya san irin wannan ƙasa.

Don taron ƙungiya

Ƙauyuka da yawa namu sun zama kamar tsibiri, gama gona ta haɗu da gona, saura ta ƙare. Ƙasar nan amana ce daga Allah, ba ta kuwa ƙaruwa. Ku tattauna waɗannan:

1. Eka nawa ne ƙauyenmu, nawa a ke nomawa, nawa ne makiyaya, nawa ne kurmi?
2. Ina kwazazzabo ya fara, wa zai dasa itace a kansa kafin damina?
3. In farashin amfanin da mu ke sayarwa ya faɗi, akwai hatsi a rumbu?
4. In an zo neman gonarmu domin ɗibar yashi ko haƙar ma'adini, me zai rage wa 'ya'yanmu?