Zubar Da Ciki A Ghana: Doka Ta Sake Tun 1985, Labari Bai Iso Gida Ba

Idan aka tsai da mutum goma a Nima ko zangon Kumasi aka tambaye su abin da dokar Ghana ta ce game da zubar da ciki, yawancinsu za su amsa cewa laifi ne ko ta halin ƙaƙa, duk wadda aka kama sai gidan yari. Wannan amsa ta yi kusa da gaskiya a zamanin kakanninmu, amma tun 1985 ba haka dokar take ba.

Asalin dokar daga Ingila ya zo. A 1861 majalisarsu ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga matar da ta zubar da cikinta da wanda ya zubar mata. Da Turawa suka kama ƙasashenmu, sai suka shimfiɗa irin wannan hukunci, kowace ƙasa da nata ɗan gyara. Faransa ma haka ta yi da dokarta ta 1920, wadda ta hana ko tallar maganin hana ɗaukar ciki, don yaƙin duniya na farko ya cinye mata maza, tana neman a yi ta haihuwa. Wannan doka ta bi Faransawa zuwa yankunan da suka mallaka a Afirka, ta kuma zauna bayan sun tafi.

A Ingila ɗin kanta, wata shari'a ce ta fara sassauta al'amarin. A 1938 wasu sojoji suka yi wa wata yarinya 'yar shekara 14 fyaɗe a Landan, ta ɗauki ciki. Wani babban likitan mata, Aleck Bourne, ya cire cikin a asibiti, bai kuwa ɓoye wa 'yan sanda ba, domin yana son kotu ta fayyace iyakar dokar. Alƙali ya nuna cewa ceton ran mace bai tsaya ga hana ta mutuwa nan take ba, ya haɗa da hana jikinta ko hankalinta lalacewa. Aka sallami likitan. Abin mamaki, shi wannan Bourne daga baya yana cikin masu adawa da dokar 1967 wadda ta buɗe ƙofa sosai a Ingila, yana ganin an wuce gona da iri. Faransa ta sake tata dokar a 1975, a 2024 kuma ta sa 'yancin zubar da ciki cikin tsarin mulkinta.

Mu a nan, kundin hukunta laifuffuka na 1960 shi ya gaji dokar Turawa. A 1985 gwamnatin soja ta Rawlings ta gyara sashe na 58 da doka mai lamba 102. Har yanzu zubar da ciki laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara 5, amma an keɓe wasu halaye da ba laifi ba ne: idan cikin na fyaɗe ne, ko na ɗan'uwa na jini wanda aure ya haramta tsakaninsu, ko an yi wa mai taɓin hankali, idan barin cikin zai jefa ran uwa cikin haɗari ko ya cutar da lafiyar jikinta ko ta hankalinta, ko kuwa idan akwai babban tsoron a haifi yaron da mummunar naƙasa. Sharaɗi shi ne ƙwararre mai rajista ya yi aikin a asibitin gwamnati ko asibitin kuɗi mai rajista. A 2006 hukumar lafiya ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin aiki, ta bai wa ungozomomin asibiti da aka horar izinin yin sa a farkon ciki.

To, amma wa ya ji? Binciken lafiyar mata masu juna biyu da aka yi a 2007 ya nuna kashi 4 cikin 100 kacal na mata suka san doka ta halatta shi a wasu halaye. Shi wannan bincike ya gano cewa zubar da ciki ne sanadin kashi 11 cikin 100 na mace-macen da suka danganci ciki da haihuwa, zubar jini kaɗai ya fi shi kisa. Da aka maimaita binciken a 2017, masu sanin dokar sun kai kashi 11 ne kawai. Ga alama an sa hannu a takarda a fadar gwamnati, ba a bi gida-gida an faɗa wa mutane ba.

Abin da rashin sanin nan ke jawowa, ma'aikatan ɗakin mata a asibitoci sun fi kowa ganinsa. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda doka ta ba ta hanya, sai ta nufi mai kemis ko mai saiwa a ɓoye, ko ta sha garin kwalba saboda wata ƙawa ta ce yana aiki. Sai jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi ya rufe ta sannan a ɗauko ta, wani lokaci mahaifa ta riga ta ruɓe. Mu dai muna ganin tsoron bakin mutane ya fi tsoron ɗan sanda ƙarfi a wannan wuri, domin a unguwanninmu cikin shege abin kunya ne ga dangi duka, kuma sau da yawa yarinyar ce ke ɗaukar kayan ita kaɗai, wanda ya yi mata yana yawonsa.

Ra'ayin jama'a bai bi dokar ba. Majami'u da masallatai galibi suna ƙyamar abin. Sai dai malaman Musulunci ba bakinsu ɗaya ba a kan komai. Mazhabar Malikiyya, wadda yawancin zangunanmu ke bi, ita ta fi tsanantawa, ta hana tun farkon shigar ciki. Wasu malaman Hanafiyya sun yi sauƙi kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Bayan kwana 120, lokacin da ake busa rai, an haɗu a kan haramci, sai dai malaman wannan zamani sun yarda a ceci uwa idan likitoci suka tabbatar cikin zai kashe ta. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ba da fatawar halatta cire cikin da bai kai kwana 120 ba, idan amintattun likitoci suka shaida mummunar naƙasar da ba ta da magani, kuma iyaye suka nema.

Masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe su lura, dokar nan ba ta ƙetare iyaka. A arewacin Nijeriya ceton ran uwa kaɗai aka yarda da shi, in ba haka ba ɗauri na iya kai shekara 14. Nijar, a dokarta ta 2006, ta ƙara da lafiyar uwa da mummunar cutar ɗan tayi. Jamhuriyar Benin kuwa a 2021 ta yarda a cire ciki har mako 12 idan zai jefa mace cikin ƙuncin rayuwa ko ya katse mata karatu ko sana'a.