Sudan: Abin da ke biyo baya idan an canja wa tsohuwar Corolla inji

Unguwar Alshajara da ke kudancin Khartoum, a bakin kogin Farin Nilu, na cikin wuraren da suka fi jin jiki a yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, saboda a nan sansanin tankokin yaƙi na sojojin Sudan yake. An wawashe motoci masu yawa a faɗin birnin. Da sojoji suka sake karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, jama'a suka fara komawa gida, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi, tayar da tsohuwar mota ya fi sayen wata sauƙi.

Tsofaffin motoci ba baƙi ba ne a nan. An san Khartoum da Omdurman da motocin tasi masu launin ɗorawa, galibinsu Toyota Corolla ƙirar shekarun 1970, tare da 'yan Hillman na Ingila. Gangar jikinsu na da ƙwari, inji ne ke gajiya. Sai dai ɗora sabon inji rabin aikin ne kawai.

Wane inji aka ɗora?

Corolla ta wancan zamani da ƙafafun baya take ja, da injin 3K mai lita 1.2 ko 4K mai lita 1.3. Idan bakanike ya samo ɗan gidansu, wato 5K mai lita 1.5 ko 7K mai lita 1.8 da ake cirowa daga ƙananan bas-bas na LiteAce, aikin yakan zo da sauƙi. Amma injin 4A-FE mai lita 1.6 na Corolla mai ja da ƙafafun gaba ne, a gicciye yake zama. Kafin ya zauna a tsaye, sai an ƙera masa sabbin ƙafafu, an nemo akwatin giya da zai dace da shi, an kuma daidaita tsawon farfela. Ƙarfinsa kuwa ya kusa ninka na 3K.

Zafi da ƙura

A watannin Mayu da Yuni zafin Khartoum kan haura digiri 40. Babban inji ya fi fitar da zafi, tsohon lagireto ba zai iya da shi ba a cunkoson titi. Ana buƙatar wanda ya fi shi kauri, da fanka mai aiki da lantarki. Wasu kan cire tamostat da sunan magani, alhali hakan na sa inji ya daɗe bai ɗau ɗumi ba, ya riƙa shan mai yana cin kansa. Guguwar ƙura da ake kira habub kuma ba ta yafe wa injin da aka bari babu matatar iska mai kyau.

Mai, wuta da birki

Tsohon inji da kafireto yake aiki, famfonsa a hankali yake tura mai. Inji mai allura kuwa yana son matsi sama da ninki 10 na wancan, don haka dole a canja famfo da robobin mai, a kuma ja wayoyin kwamfutarsa da kyau. Tsohuwar roba idan ta fashe kusa da salansa mai zafi, gobara ce.

Birki shi ne abin da aka fi mantawa. An yi shi ne daidai gudun injin asali. Motar da ta ƙara gudu tana ɗauke da fasinjoji biyar tana buƙatar sabbin takalman birki, man birki sabo, da lafiyayyun tayu da shokozoba.

Takardu

Kowane inji yana da lamba, kuma tana cikin takardun mota. Bayan satar da aka tafka lokacin yaƙi, sayen inji ba rasit kasada ce, domin araha ba ta ado. A karɓi shaidar ciniki, a je ofishin 'yan sandan kula da hanya a gyara lambar.

Wannan shawara ta shafi direba a Kano da ke sayen inji a kasuwar Ƙofar Ruwa, da na Maraɗi da ke tsallaka iyaka da motarsa. Kafin a biya kuɗin inji, a fara lissafa na lagireto, birki da takardu. Idan aljihu ba zai ɗauka ba, gara a yi wa tsohon injin garambawul.