Feda mai kama takalmi: abin da ke sa cinya ciwo

Duk wanda ke sayar da kekunan gwanjo na Turai a kasuwanninmu, daga Konni zuwa Maraɗi da Gaya, ya taɓa cin karo da keken tsere mai wata ƴar feda wadda ƙafa ba ta zama a kanta. Ba lalacewa ta yi ba. Feda ce mai kama takalmi, masu Faransanci na ce mata otomatik. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa ta a 1984, Bernard Hinault ya ci tseren Tour de France da ita a 1985, Shimano na Japan kuma ya fito da tasa, SPD, a 1990. Takalminta na musamman ne, ana ɗaura masa wata ƴar roba ko ƙarfe a ƙasa, wato kal, ita ke shiga cikin fedar ta kulle.

Samari masu sha'awar tsere na son ta. Sai dai wani bayan mako guda zai dawo wa mai shago yana ɗingishi, ya ce keken ya ja masa ciwon cinya, a mayar masa da kuɗinsa. Galibi keken ba shi da laifi, saiti ne ba a yi ba.

A kan feda ta gida mutum na taka ta da tsakiyar tafin ƙafa, yana gyara tsayuwa ba tare da ya sani ba. Wannan kuwa tana riƙe ƙafar wuri ɗaya, daidai tushen babban yatsa. Da wurin takawa ya canza, tsayin sirdin da ya saba da shi ya daina yi masa daidai. Idan ciwon a gaban cinya yake, kusa da gwiwa, yawanci sirdi ya yi ƙasa. Idan a bayan cinya ne, ya yi sama. Gwajin ba wuya: a zauna, a ɗora dunduniya kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. A riƙa ɗagawa ko saukewa da milimita 3 zuwa 5, a yi kwana biyu ana hawa kafin a sake taɓawa.

Akwai kuma masu ganin tunda ƙafa a kulle take, dole su riƙa jan feda sama da ƙarfi. Naman da bai saba wannan aiki ba shi ke tsami. A taka kawai yadda aka saba.

Ciwon gefen cinya ta waje, wanda ke gangarawa gwiwa, sau da yawa daga kal yake, an ɗaura ta a karkace ko ba ta barin dunduniya ta motsa. A nan ne launi ke ruɗa ƴan kasuwa. A wurin Look Keo, baƙa ba ta motsi sam, mai ruwan toka na ba da digiri 4.5, ja kuma digiri 9. A wurin Shimano na titi, rawaya ce mai digiri 6, shuɗiya 2, ja kuwa ba ta motsi ko kaɗan. Ke nan ja a wannan kamfani sauƙi ce, a wancan ɗauri. Sabon hawa bai kamata a ba shi wadda ba ta motsi ba. Kal ta gwanjo ma sau da yawa ta cinye, a duba ta kafin a yi ciniki.

Wanda kuwa ya sayi keken don ɗaukar kaya ko zirga-zirgar kasuwa, a ganina a cire masa wannan feda tun a shago. Cikin yashi da cunkoso ƙafa na bukatar sauka nan take. Sufana lamba 15 ko makullin alan ke kwance ta, amma a tuna ta hagu baibai take kwancewa. Masu gyara da yawa sun cinye haƙoran hannun feda a nan.

Tsamin nama yakan lafa cikin ƴan kwanaki idan an rage nisa. Ciwon da ya zo da kumburin ƙafa ɗaya, da zafi in an taɓa, ko wanda ba ya barin mutum ko yana kwance, zai iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Wannan kada a matsa shi, kada a yi ƙaho, a tafi asibiti ranar.