Ko ka san famfon iska ya samo asali daga shagon aski?

A birnin Iskandariyya na Masar, zamanin da Girkawa ke mulkinsa, wajen shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi wani ɗan mai aski da ake kira Kitesibiyos. Bitrubiyus, maginin nan na Rum, shi ya adana mana labarinsa. Yaron ya so ya rataya madubi a shagon mahaifinsa yadda za a riƙa ɗaga shi ana saukewa daidai tsawon wanda ake yi wa aski. Sai ya ɗaura igiya a madubin, ya ɗaura curin dalma a ɗaya bakin, ya zura shi cikin wani matsattsen bututu. Duk lokacin da dalmar ta gangara, sai ta tunkuɗo iskar da ke ciki, iskar ta fito da ƙara.

Abin da ya burge ni da shi, bai bar ƙarar nan ta wuce ba. Ya gane cewa iska tana da jiki, tana matsuwa, kuma idan an matsa ta sai ta nemi mafita da ƙarfi. Girkawa na kiran numfashi da iska "pneuma", daga nan Turanci ya samo sunan ilmin injinan iska, har da sunan ciwon huhun nan, nimoniya.

Daga wannan fahimta ya ƙera famfo mai tukwane biyu na tagulla, kowace da sanda mai hawa da sauka, da bawul mai barin ruwa ya shiga ya hana shi komawa. Daga baya Rumawa sun kashe gobara da irinsa. Injin mai faci da birkin tirela duk a kan wannan ka'ida suke aiki.

Amma gwanintarsa ta fi fitowa a kayan kiɗan da ya ƙirƙiro, jerin sarewa da ake busawa da famfo. Matsalar famfo ita ce iskarsa na zuwa ne a guntu-guntu, sautin ya riƙa yankewa. Sai ya kifa ƙwaryar ƙarfe cikin tukunyar ruwa, famfo na cusa iska a ƙarƙashinta. Iskar ta danne ruwan ƙasa, ruwan ya hau ta gefe, nauyinsa kuma ya ci gaba da matsa iskar ko da mai famfo ya ɗan tsaya. Makaɗi ya danna maɓalli, ƙofar sarewa ta buɗe, sauti ya fito a miƙe ba gargada.

Littattafan Kitesibiyos duk sun ɓace, abin takaici ƙwarai, sai abin da wasu suka rawaito. Ƙasa ce ta riƙe shaida. A 1931 an haƙo ragowar irin wannan kayan kiɗa a birnin Budafes na Hangari, mai sarewa 52, da rubutun da ya nuna an ba da shi kyauta a shekara ta 228 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). A 1992 kuma aka tono wani da ya girme shi a garin Diyon na Girka, gindin dutsen Olimfus.