Teburin Maki da Lafiyar Yaro a Filayen Ƙwallon Garwa

Gasar wasanni ta matasa kan maki take tafiya. A ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da ta yi nasara tana samun maki 3, kunnen doki maki 1, wadda aka doke kuwa ta tashi a tutar babu. Idan maki ya zo ɗaya, sai a duba tazarar ƙwallayen da kowace ta zura da waɗanda aka zura mata. Da wannan lissafi ake jera ƙungiyoyi a teburi, kuma teburin ne ke raba wanda zai wuce gaba da wanda zai koma gida. Sai dai babu gurbi a cikinsa da ake rubuta yawan yaran da suka ji rauni, don haka mai horarwa da ke neman maki ɗaya tak yakan ga fitar da ɗan wasansa mai ɗingishi a matsayin asara.

A arewacin Kamaru, Garwa ce cibiyar ƙwallo. Ƙungiyar Coton Sport, wadda aka kafa a 1986 da goyon bayan kamfanin auduga na Sodecoton, ta lashe gasar lig ta ƙasa fiye da sau 15, ta kuma kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta Masar ta yi galaba a kanta. Daga wannan ƙungiya Vincent Aboubakar ya tashi zuwa Faransa a 2010, shi ne kuma ya fi kowa cin ƙwallo, guda 8, a gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022. A filin Roumdé Adjia na Garwa Nijeriya ta buga wasanninta a waccan gasa. Duk yaron da ke buga gasar makarantu ta FENASSCO, ko gasar unguwanni ta lokacin hutu, ya san wannan tarihi, ya kuma san ana iya samun mai farautar 'yan wasa a bakin fili. Wannan ne ke sa yara da yawa su ɓoye ciwo.

Yanayin garin ma yana da nasa tasiri. A watannin Maris da Afrilu zafi a kwarin Binuwai, inda Garwa take, yakan haura digiri 40, kuma yawancin filayen unguwa tsandauri ne mai tsakuwa. Dokokin ƙwallo sun ba alƙalin wasa damar tsayar da wasa don shan ruwa na minti ɗaya, ko hutun sanyaya jiki da zai iya kai minti 3. Yaron da zafi ya buga yakan fara da jiri da ciwon kai, daga baya ya rikice ko ya soma sambatu. A wannan hali abin gaggawa shi ne a kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, kafin ma a nemi abin hawa zuwa asibiti.

Jikin yaro ya bambanta da na babba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsin girma wanda bai gama ƙwari ba, kuma faɗuwar da za ta bar babba da targaɗe kawai tana iya tsaga wannan wuri a jikin yaro. Nan ne maguɗin shekaru yake zama haɗari, ba rashin adalci kaɗai ba: ɗan shekara 20 da aka rubuta masa 16 yana karo ne da yaran da bai kamata su haɗu da shi ba. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009 FIFA ke amfani da hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekaru. Sa'ad da hukumar ƙwallon Kamaru, ƙarƙashin Samuel Eto'o, ta yi wannan gwaji gabanin wata gasar yankin tsakiyar Afirka ta farkon 2023, yara 21 cikin 30 ne suka faɗi.

Targaɗen idon sawu shi ne raunin yau da kullum. Maganinsa na farko hutu ne, da ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle na kimanin minti 15 zuwa 20, da ɗauri marar matsi, da ɗaga ƙafar sama. Murza wurin da ƙarfi ko jan ƙafar, kamar yadda 'yan kallo ke rige-rigen yi, ƙara ɓarna yake yi. Idan yaro ya kasa taka ƙafar, ko gaɓar ta karkace, a ɗauka karaya ce har sai hoto ya nuna akasin haka. Masu ɗorin gargajiya suna da daɗaɗɗen matsayi a wannan yanki, jama'a kuma sun amince da su, amma ɗauri mai tsanani yana iya tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe. Hoton asibiti ya kamata ya riga ɗori.

Bugun kai ya fi wuyar ganewa, domin sau da yawa babu jini, babu suma. Wani misali da ya shahara ya fito ne daga wasan zamiya a kan ƙanƙara, wasan da ake ba da maki kan tsalle da juyi da kyan motsi. A 2014, a birnin Shanghai na Sin, Yuzuru Hanyu na Japan ya yi karo da Yan Han na Sin lokacin ɗumama jiki. An naɗe masa kai, ya koma ya yi wasa, ya faɗi sau biyar, ya kuma zo na biyu. Wasu sun yaba da jarumtarsa, likitoci da dama kuwa sun soki waɗanda suka bar shi ya shiga. Gaskiya tana wurin likitocin. Ƙwaƙwalwar da ta girgiza, idan ta sake buguwa kafin ta warke, tana iya kumbura, kuma matasa ne suka fi shiga wannan haɗari. Ƙa'idar da likitocin wasanni suka yarda da ita a yau ita ce, duk wanda ake zargin ya bugu a kai ba zai koma fili a ranar ba. Daga 2024 dokokin ƙwallo sun amince masu shirya gasa su ba da canji na ƙari saboda irin wannan rauni, don kada ƙungiya ta ji an cuce ta.

Abin da ya fi kowanne tsanani shi ne ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kamaru ta san wannan baƙin ciki: Marc-Vivien Foé ya faɗi a birnin Lyon ranar 26 ga Yuni 2003 a wasa da Kolombiya, ya rasu yana ɗan shekara 28, Patrick Ekeng kuma ya rasu ta wannan hanya a Romaniya a watan Mayun 2016. Irin wannan faɗuwa ana ɗaukarta tsayawar zuciya ce nan take. Cusa yatsa ko cokali a baki wai don kada ya haɗiye harshe ɓata lokaci ne, harshe ba ya haɗiyuwa. Abin da ke ceto shi ne danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, tare da amfani da na'urar farfaɗo da zuciya idan akwai. Haka aka ceci Christian Eriksen na Denmark a 2021, domin an fara da gaggawa.

Na'urar tana da tsada, ba kowace gasar unguwa ce za ta iya mallakarta ba. Amma danna ƙirji ana koyonsa a yini guda, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross tana koyar da shi. Ya kamata masu shirya gasar yara a Garwa da Marwa da Ngaundere su sanya sharaɗi cewa ba za a busa usur ba sai akwai ruwan sha, da akwatin agajin farko, da abin hawa a kusa, da aƙalla mutum ɗaya da ya samu wannan horo, wanda kuma maganarsa za ta rinjayi ta mai horarwa idan ya ce a fitar da yaro.