Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Game Da Haɗa Ruwan Sigarin Lantarki A Gida

An buga wannan takarda ne domin hakimai da malamansu na ƙasashen Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da kewaye, don su fahimci wata sabuwar al'ada da ta shigo, su kuma bayyana wa talakawa haɗarinta.

Taba dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun kaka da kakanni ana shuka ta, a shanya ganyen, a daka shi da kanwa a zuba cikin batta, watau taba gari. Waɗansu su sha a lofe, mata kuma su goge haƙori da furenta. Har a 1959 aka buɗe ma'aikatar sigari a Zariya. Amma abin da ya zo yanzu dabam ne, kada a auna shi da mudun da.

Mene Ne Sigarin Lantarki?

Wata 'yar na'ura ce mai batir, wadda wani mai haɗa magunguna a ƙasar Sin, mai suna Hon Lik, ya ƙago a 2003. Ba ganye take ƙonawa ba. Ruwa ake ɗura mata, wani siririn ƙarfe ya ɗau zafi ya mai da ruwan tururi, mutum ya zuƙa. Shi ruwan nan abu huɗu ne a haɗe: gilisirin, da furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, da nikotin. Na farko da na biyu su ne ke ba da tururi. Nikotin kuwa shi ne ƙarfin taba, shi ne ke kama mutum har ya kasa bari. Sabo da tsadar wanda aka haɗa a ma'aikata, sai waɗansu su sayi kayan nan dabam-dabam su gauraya da hannunsu a ɗaka. Nan ne matsalar take.

Haɗarin Nikotin

Ko wane manomi ya san ruwan da aka jiƙa taba a ciki yana kashe ƙwari. Wanda kuma ya taɓa tsinkar ganyen taba da raɓa ya san jiri da tashin zuciya da ke biyo baya, domin nikotin yana ratsa fata ya shiga jini. To, wanda ake sayar wa masu haɗawa tatacce ne, akwai mai miligiram 100 cikin ko wace mililita. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, bisa dokarsu ta 2014, ba su yarda ruwan da za a zuƙa ya wuce miligiram 20 ba. Ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5, watau miligiram 500 ke nan na tataccen. Mai shan sigari kuwa abin da ke shiga jikinsa daga kara ɗaya miligiram 1 ne zuwa 2. Ashe cokali guda ya kai ƙarfin kara 250, ko fiye. A watan Disamba na 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a Jihar Niyok ta Amurka bayan ya sha irin wannan ruwa a gida. Gidajenmu kuwa cike suke da yara, ga shi ruwan yana ƙamshin alewa ko mangwaro, ana kuma zuba shi cikin kwalaben da babu rubutu.

Haɗarin Gauraye-Gauraye

Abin da ciki ya karɓa ba lalle ne huhu ya karɓa ba. Turare, da man gyaɗa, da kayan ƙamshin zoɓo ko na cincin, ba a yi su don zuƙa ba, maiƙo kuwa in ya shiga huhu yana kumbura shi. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka. Zuwa watan Fabrairu na 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibiti, 68 suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar yawancinsu sun zuƙi ruwa mai sinadarin wiwi wanda 'yan bayan fage suka cuɗa da wani mai, bitamin E asitet, don ya yi kauri. Mai haɗawa a ɗaka ba shi da ma'auni na ƙwarai, ba shi da hanyar sanin abin da aka sayar masa.

Abin Da Ake Bukata Daga Gare Ku

1. A tara dagatai da masu unguwanni a karanta musu wannan takarda, su kuma su isar wa magidanta, a kuma roƙi limamai su ambata.

2. A tuna wa masu tireda da shaguna cewa dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba.

3. In ruwan ya zuba a jikin mutum, a tuɓe rigar, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu. In a ido ne, a yi ta ɗauraye shi da ruwa mai tsabta.

4. In yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko nono, kada kuma a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, tare da kwalbar. Alamunsa su ne amai, dalalar miyau, gumi, jiri da rawar jiki, wani lokaci har da farfaɗiya. Kada a jira sai sun bayyana.

5. Malamin hakimi ya rubuta ko wane irin wannan haɗari da ya auku, da rana, da gari, da shekarun wanda abin ya shafa, ya aika wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Wanda taba ta riga ta kama, a nuna masa hanyar likita ya nemi taimakon bari, kada a kunyata shi cikin jama'a. Wanda bai fara ba kuwa, a gaya masa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ku ne idon Sarki a ƙasashenku, maganarku ce talakawa suka fi ji.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.