"Slip": Ƙaramar Kalma Mai Kai Mutum Ƙasa

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Nima ta dawo daga makarantar jikanta ranta a ɓace. An ce kuɗin makarantar da ta biya a banki ba su shigo ba. Akawu ya ce mata, "Hajiya, ina slip?" Ta dubi ƙafarta ta ce, "Ɗana, me silifana suka yi maka?" Mun yi dariya da ta ba mu labari, amma fa an ba yaron mako ɗaya, ko takarda ko gida.

Hajiya ba ta yi nisa da gaskiya ba. Silifa daga wannan kalma ta Turanci ya fito, wato takalmin da ƙafa ke zurmawa ciki ba ɗauri, irin wanda Gawa ke kira cale wote. Asalin ma'anar "slip" ita ce zamewa, kamar yadda santsi ke kwashe mutum a bakin kwata da damina. Daga nan Bature ya yi ta jan ta. Ɓarawon da ya sulale wa 'yan sanda, ita ce. Suɓutar baki, ita ce, har wani likita na Ostiriya, Sigmund Freud, ya yi littafi a 1901 yana cewa abin da baki ya suɓuce da shi, da ma yana ɓoye a zuci. Bahaushe bai jira likita ba kafin ya san haka.

To, ina ruwan takarda da santsi? Babu. Masana harshe sun ce wannan wata kalma ce dabam da ta yi kama da ta farko, ma'anarta reshen da aka yanko don dashe. Manoman abarba na Nsawam har yau haka suke kiran 'ya'yan da ke tsirowa a gindin abarba. Daga yankakken reshe aka koma yankakkiyar takarda: ta zuba kuɗi a banki, ta albashi, ta sakamakon jarrabawa. A Amurka kuwa in aka ce an ba mutum mai ruwan hoda, to an sallame shi daga aiki ke nan.

Wadda ta fi damuna ita ce ta asibiti. Masu dako da direbobin manyan motoci da yawa likita kan ce musu suna da "slipped disc". Mai fassara sai ya ce ƙashin baya ya goce. Mutum ya tashi sai wurin mai ɗori, a danne shi a mayar da ƙashi. Alhali ba abin da ya goce. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu 'yan matasai na guringuntsi guda 23. Idan bawon ɗaya ya tsage, sai taushin cikinsa ya bullo ya danne jijiya, ciwo ya sauko har ƙafa. Yawanci yakan lafa cikin makonni ba tare da tiyata ba. Amma wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ya koma asibiti a ranar, kada ya bari a taka masa baya.

Masu fatauci ta Aflao kuma ku yi hattara. Da ka tsallaka Lome, "slip" a Faransanci kamfai ne. Kada ka tsaya gaban jami'i ka ce ka manta naka a gida.

Ita dai Hajiya, sai da 'yan matan gidan suka zazzage ɗakinta kaf. Aka sami takardar a ƙasan kwalla, an naɗe 'yan kunne da ita, hatimin banki yana nan raɗau. Ranar Litinin yaro ya koma aji.